Shugabancin Aikin Jinya a Asibitocin Ƙasar Sakkwato

A zamanin En'e, ƙananan ɗakunan shan magani na ƙasar Sakkwato kowannensu yana hannun malamin asibiti guda ne. Shi ke wanke gyambo, shi ke ba da magani, shi kuma ke cike rijista. A manyan asibitoci kuwa, Turawa mata da ake kira sista su ke riƙe da ragamar jinya.

Doka ta fara tsara aikin ungozoma a 1930, na nas-nas a 1947, sannan doka mai lamba 89 ta 1979 ta haɗe hukumomin da ke kula da ayyukan biyu. Bayan kafa Jihar Sakkwato a 1976, asibitoci suka yawaita, shugabancin jinya ya koma hannun 'yan ƙasa.

Sai dai nauyin shugabancin bai ragu ba. Babbar nas ce ke tsara aikin safe da na rana da na dare, ta ƙirga zannuwan gado, ta sa hannu kafin a fito da auduga daga sito. Inda babu akawu ko mai kula da katin marasa lafiya, rubutu kan cinye lokacinta, alhali majinyaci daga ƙauye irin Horo Birni yana zaune a benci yana jira. Shi ya sa samar mata da mataimaka a ofis ya zama wajibi, musamman a asibitocin karkarar Bodinga da Shagari.