Kayan Ƙafar Motar Hilux Da Aka Ɗaga: Yadda Suke Gajiya Da Yadda Ake Sabunta Su

Kayan ƙafa, a bakin makanikai, su ne sassan da ke tsakanin jikin mota da tayoyinta: sifirin da ke ɗaukar nauyi, shokofsoba da ke kwantar da girgiza, da robobin bushin da boljoyin da ke riƙe mahaɗai. A arewacin jihar Zamfara, a-kori-kurar da aka fi dogara da ita ita ce Hilux, wadda kamfanin Toyota ya fara ƙerawa a 1968. Masu ita kan ƙara mata tsawo daga ƙasa, galibi da kimanin inci biyu, don kada cikinta ya riƙa dukan ƙasa a ramuka da rairayi.

Hanyoyin da take bi

Daga Kaura Namoda, inda layin dogo ya tuƙe tun 1929, hanya ɗaya ta nufi Shinkafi zuwa Isa, ɗaya kuma ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya. Motocin da ke ɗauko gero da dawa daga ƙauyuka, ko masu cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, kan sauka daga kwalta su bi burji da mashigan ruwa. Ƙura tana cinye robobi da rani, laka tana wanke giris da damina. Ga kuma matsalar tsaro da ta addabi yankin shekaru da dama, wadda ta sa lalacewar mota a tsakiyar daji ta wuce batun asarar kuɗi.

Abin da ɗagawa ke jawowa

Hilux ɗin da aka ƙera daga 2005 zuwa yau tana da sifirin mai murɗi a gaba, da sifirin mai falle-falle a baya. Ɗaga ta yana karkata shaf ɗin gaba da boljoyin fiye da yadda aka tsara, sai su riƙa cinyewa da wuri. Nauyinta kuma yana komawa sama, ta ƙara saurin tangaɗi a kwana.

Babban kuskure shi ne zaton tsawo ya ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya. Ƙa'idarta ba ta wuce kimanin tan ɗaya ba, wato buhu goma na kilo 100, har da nauyin direba da fasinjoji a ciki. Ƙarin falle a sifirin yana hana bayanta zama, amma birki da kashin motar suna nan yadda suke.

Alamomin gajiya

Idan aka ajiye motar ba kaya a wuri mai daidai, aka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi a kowane ɓangare, bambancin da ya fito fili yana nuna sifirin ya kwanta. Jiƙewar jikin shokofsoba da mai, ci gaba da lilo bayan an wuce rami, ƙarar ƙwanƙwasa a gargada, rawar sitiyari da cinyewar taya ta gefe ɗaya, duk shaidu ne.

Tsarin sabuntawa

Ƙwararru kan fara da bushin, boljoyin da tayarod, domin sabon shokofsoba ba ya daɗewa a kan mahaɗai masu wasa. Ana canza shokofsoba da sifirin biyu-biyu, dama da hagu tare. Tilas tsawon shokofsoba ya dace da tsawon da aka ƙara wa motar: gajere yakan miƙe har ƙarshe ya tsinke, wanda ya yi tsawo da yawa kuma ya daki ƙasansa ya fashe.

Fallen da ya karye ba a yi masa walda. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, ya sake karyewa kusa da ɗinkin, sau da yawa a ƙarƙashin kaya. Ƙarafan da ke ɗaure sifirin da gatarin baya, waɗanda ake kira yubol, sababbi ake sawa, a sake matsa su bayan tafiyar 'yan ɗaruruwan kilomita. Notunan bushin kuwa sai motar ta sauka a kan tayoyinta ake ƙarasa ɗaure su, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage. Ana duba ko bututun birki yana da sauran sassauci idan ƙafa ta sauka, sannan a rufe aikin da alaimen.

Sayen kaya

Yawancin kayan daga Gusau ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ake kawo su, sababbi da na gwanjo. Sifirin na gwanjo mai cikakken lanƙwasa kan yi aiki, amma shokofsoba da robobi ba a gane ragowar ƙarfinsu da ido, kuma araha ba ta ado. Mai saye ya tafi da lambar shasi, da shekarar ƙira, da awon incin da aka ƙara, domin da su ne mai shago zai zaɓo abin da ya dace da motar.