Asalin Kalma: Ɗibbu

Kalmar ɗibbu, wadda wasu ke furtawa tsibbu, daga Larabci ta zo, daga aɗ-ɗibb, wato ilimin likitanci, kuma harafin farkonta shi ne wanda Bahaushe ya mayar ɗ a cikin ɗalibi da ɗahara da ɗabi'a. A zamanin magabata fanni ne mai daraja, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da ke wuyansa, ya wallafa risaloli a kan ciwon basir da cututtukan ido da amfanin filasko, kuma wanda ya buɗe tsofaffin kundaye a ma'adanar Waziri Junaidu a Sakkwato zai tarar da fa'idoji irin waɗannan, ana ambaton saiwa da ganye da yadda za a jiƙa su. Da asibiti ya zo, magungunan kwalba suka cika kantuna ana tallarsu a jarida, sai likita ya gaje wannan fage, ma'anar kalmar kuwa ta ƙuntata, abin takaici, har yau in an ce malamin tsibbu, laya da rubutun sha da duba kawai ake nufi.