Mazaunin Kayan Yara a Gidajen Gaya: Nazari Kan Tsafta, Mallaka da Tarbiyya

Gabatarwa

Gaya gari ne na kan iyaka a kudancin jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar. Yana bakin Kogin Isa, gada ce kawai tsakaninsa da Malanbil ta ƙasar Benin, ga kuma Kamba ta jihar Kabi a Nijeriya daga gabas. Dendawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Kyangawa ne ke zaune a cikinsa, kuma an san shi da manyan ɗakunan ajiyar gwanjo da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano kafin ya wuce kasuwannin Nijeriya. Garin da kaya ke ratsawa haka, dole wani abu ya zube a cikin gidajensa, yara kuwa na cikin masu samun rabo. Wannan nazari ya duba yadda ake adana kayan wasan yara da sauran tarkacensu a gidajen Gaya. Matsayarsa ita ce, kayan yara sun canza kama cikin ƴan shekarun nan, alhali tsarin gida bai ware musu mazauni ba, daga nan ne yawancin hargitsin yake tasowa.

Daga kara zuwa roba

A da, yaro ne maƙerin abin wasansa. Da kaka ya feƙe karan dawa ya yi mota, da damina ya kwaɓa laka ya gina shanu da tukwane. Yarinya ta naɗe ƙashi ko kara da ƙyalle ta sami ƴar tsana, ta tsinci duwatsu ta yi carafke. Ƙwallon tsumma da gare da motar gwangwani duk daga abin da gida ya yar ake yin su. Irin waɗannan kaya ba sa neman ajiya. Idan sun lalace, tsintsiya ta haɗa da su, karan ya shiga murhu, lakar ta koma ƙasa, gobe a ƙera wasu. Sharar safe da ta yamma ita ce dukan tsarin adanawa, kuma ta wadatar.

Yau kuwa akwai motar roba da bindigar ruwa da balan-balan da wayar wasa mai kiɗa, yawancinsu ƙirar ƙasar Sin, sai ƴan tsana masu gashi da jakunkuna da takalma da ke fitowa daga dilar gwanjo. Rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya tsayar da manyan motoci, amma kwale-kwale ya ci gaba da tsallako da ƙananan kaya. Waɗannan kayan wasa da kuɗi aka saye su, don haka uwa ba ta yarda a share su. Ba sa ruɓewa, don haka ko sun karye suna nan. A kan wannan aka ƙara kayan karatu iri biyu: allo da tawada da alƙalami na makarantar allo, da littattafai da alli da jaka na lakwal, wato makarantar boko, wadda ake komawa a watan Oktoba. Yaro guda yanzu yana da abin da a da yaran gida duka ba su tara ba.

Gidan da ba ɗakin yara

Tsarin gidan gargajiya ya raba wuri tsakanin manya. Maigida na da turaka da zaure, kowace mata na da ɗakinta, tsakar gida ta kowa ce. Yaro yana kwana ɗakin uwarsa har ya tasa, namiji ya koma zaure ko ɗakin samari, mace ta zauna wurin uwa ko kaka har aure. Adaka da akwati da sif da jeren kwanoni duk na uwa ne, kuma ba a barin hannun yaro ya kai gare su. Saboda haka idan aka ce masa "kwashe tarkacenka," ba a faɗa masa inda zai kai su ba. Sai ya tura ƙarƙashin gado ko bayan randa, gobe a wayi gari ana cigiyar takalmi ƙafa ɗaya.

Yawan yara yana ƙara wa lamarin nauyi. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijar na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici. A gidan da ke da mata biyu ko uku, ga ƴaƴan riƙo, ga na ƴan'uwa da suka zo karatu daga ƙauye, tambayar "na wa ne?" ba ƙarama ba ce. Motar roba da aka tsinta karyayye a ƙofar ɗakin abokiyar zama tana iya tayar da maganar da ta fi kuɗin motar tsada. Shi ya sa wasu iyaye mata ke kulle abin wasan a adaka, ba ya fitowa sai da Sallah. Kayan sun tsira, amma yaron bai yi wasa ba, bai kuma koyi riƙon abin hannunsa ba.

Damina da haɗurra

Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, kusan milimita 800 a shekara. Littafin da ya kwana a tsakar gida a watan Agusta ya gama aiki, wanda aka jingina da bangon ƙasa kuma gara ta same shi. Gwangwani da tsohuwar taya suna tara ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki, tulin tsummoki kuma maɓoyar kunama ce. Akwai haɗari na biyu da ya zo da sababbin kayan. A Turai doka ta sa a rubuta gargaɗi a jikin abin wasa mai ƙananan sassa cewa bai dace da yaron da bai kai wata 36 ba, domin yana iya shaƙe shi. Kayan gwanjo kuwa ba kwali suke zuwa, balle gargaɗi. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale, yana iya ƙona maƙoshi cikin awa 2. A gidan da mai rarrafe da ɗan shekara 8 ke wasa kan tabarma ɗaya, ɗauke irin waɗannan daga ƙasa maganar tsaron rai ce.

Wa ke kwashewa?

Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin aikin yara a Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda gidan Bahaushe ya dogara da yara wajen aike da talla da raino. Yara dai ba baƙin aiki ba ne. Sai dai rabon aikin bai daidaita ba: shara da wanke-wanke da kintsa ɗaki na ƴan mata ne, namiji kuwa ya watsar ya fita ƙwallo, yayarsa ta kwashe. Haka yake girma yana ganin kintsawa aikin wata ce, har ya kai wannan ɗabi'a gidan aurensa.

Darasin da ya dace da wannan yanayi tsoho ne. A 1907 Maria Montessori ta buɗe gidan renon yara a wata unguwar talakawa ta birnin Rum, ta sa kayan aiki daidai tsayin yara, kowane abu da wurinsa, wanda ya ɗauka shi zai mayar. Wani bincike na Jami'ar Toledo ta Amurka da aka buga a 2018 ya gwada ƙananan yara 36, ya ga sun fi daɗewa kan abin wasa guda da sarrafa shi hanyoyi daban-daban idan an ba su 4 maimakon 16. Ke nan ƙarancin kayan wasa ba tauye yaro ba ne.

Kammalawa

Abin da gidan Gaya ke bukata yana cikin kasuwar Gaya. Kowane yaro a ba shi bokiti mai murfi ko buhun shinkafa da aka ɗinka wa hannu, a sa masa alama. A kafa ƙusa daidai tsayinsa don jakar lakwal, allo kuma a ba shi wuri mai tsafta sama da ƙasa saboda abin da ke rubuce a jikinsa. Abin da aka saya wa yaran gida duka, kamar ƙwallo, a ajiye shi wuri ɗaya da kowa ya sani, don kada ya zama na ɗakin wance. A tsayar da lokaci guda, kafin kiran magariba, kowa ya kwashe nasa, mace da namiji. Abin da ya karye a fitar da shi, mai batir a ɗaga shi sama. Iyaye su fara ba yaro wurin ajiya kafin su tuhume shi da watsar da kaya, domin ba a tambayar amana wurin wanda ba a ba shi inda zai ajiye ta ba.