MIPS: Tarihin Tsarin da Masu Shi Suka Bari

MIPS wani tsari ne na ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato ɗan guntun nan da ke karɓar umarni ya aiwatar. Marubuta sun sha bamban a kansa: wasu sun ce ya mutu, wasu kuma suna nuni da na'urorin da har gobe suke aiki da shi. Abin da ya jawo saɓanin shi ne cakuɗa tarihin kamfanin da na tsarin, alhali kowanne da hanyar da ya bi.

Asalinsa Jami'ar Stanford ce a Amurka. A 1981 John Hennessy ya fara bincike kan taƙaita umarnin da ƙwaƙwalwa za ta sani domin ta ƙara sauri, aka kafa kamfani a 1984. Akwai masu danganta samfurin farko, R2000, da shekarar 1985, amma 1986 ta fi inganci, don a cikinta ya shiga kasuwa. R3000 ya biyo baya a 1988, sai R4000 a 1991, sannan Silicon Graphics ya saye kamfanin a 1992.

Zamanin ganiyar tsarin sananne ne. Shi ne a cikin PlayStation ta 1994, da Nintendo 64 ta 1996, da PlayStation 2 ta 2000, wadda samarinmu suka sha buga ƙwallo da ita a gidajen gem. Kumbon New Horizons da ya gifta ta kusa da Pluto a 2015 ma da jinin R3000 yake aiki.

Inda ya kamata a tsaya a duba shi ne abin da ya faru bayan wani tsarin daban, ARM, ya mamaye wayoyin hannu. A 2013 Imagination Technologies na Birtaniya ya sayi kamfanin. Bayan shekara huɗu kacal ya sayar wa kamfanin Tallwood a kan dala miliyan 65, a 2018 kuma ya faɗa hannun Wave Computing. A ƙarshen wannan shekarar aka sanar da shirin MIPS Open, cewa za a buɗe tsarin kowa ya yi amfani da shi kyauta. Ba a cika shekara ba aka rufe shirin. A ganina wannan ne ya fi yi wa tsarin illa, domin ƙera ƙwaƙwalwa aikin shekaru ne, kuma babu mai zuba dukiya a kan alkawarin da aka janye da wuri haka. Wave ya tsiyace a Afrilun 2020. A Maris na 2021 ya fito daga kotu da sunan MIPS, ya bayyana cewa sababbin samfuransa a kan wani tsari daban, RISC-V, za a gina su. A shekarar ce kuma Loongson na ƙasar Sin, wanda ya daɗe yana dogaro da MIPS, ya koma nasa tsarin, LoongArch.

Saboda haka 2021 ce shekarar da ta dace a rubuta a matsayin ƙarshen bunƙasar tsarin MIPS. Sunan dai yana nan, GlobalFoundries ya saye shi a 2025. Tsohon tsarin kuma ya rage a na'urorin raba intanet masu araha da wasu ƙananan ƙwaƙwalen PIC32 na Microchip. A Agustan 2025 manhajar Debian ta 13 ta fito babu MIPS a jerin tsare-tsaren da take tallafa wa, ta shigar da RISC-V.