Guguwar tonado: yadda ta share garin Greensburg cikin dare guda

In an ce guguwa, abin da muka sani shi ne wadda ke tasowa da rani, ta murɗa ƙura da karmami, ta ɗage rumfa, ta wuce. Wadda ake kira tonado a Amurka daban take. Daga hadari take saukowa kamar mazurari, kanta na cikin gajimare, ƙafarta na ƙasa, tana juyawa.

Tana samuwa ne idan iska mai ɗumi da laima daga tekun Meziko ta haɗu da busasshiyar iska mai sanyi a filayen tsakiyar Amurka, galibi daga Afrilu zuwa Yuni. Ƙasar na ganin sama da 1,000 a shekara. Yawancinsu ƙanana ne, amma ta Greensburg ba ta cikin ƙananan.

Greensburg ɗan ƙaramin gari ne na manoma da makiyaya a jihar Kansas, mai mutum wajen 1,500 a lokacin. Daren Juma'a 4 ga watan Mayu 2007, kusan ƙarfe goma saura kwata, tonado ta faɗa masa. Faɗinta kilomita 2.7, wato ta kusa rufe garin baki ɗaya, iskarta kuma an ƙiyasta ta kai kilomita 330 a awa. Ita ce ta farko da aka ba matakin EF5, mafi tsanani a sabon ma'aunin da Amurka ta fara aiki da shi a shekarar.

Da gari ya waye, kashi 95 cikin 100 na gine-gine sun rushe. Gidaje, lakwal, asibiti, coci-coci, ofishin magajin gari, har tankin ruwan garin, duk sun tafi. Itatuwa sun tsaya tsirara, ba ganye, wasu ko ɓawo babu. Babban rumbun hatsi na kankare da ginin kotu na cikin ƴan abubuwan da suka rage tsaye.

Mutum goma da ƴan kai suka rasu. Rai ba shi da kaɗan, amma wanda ya ga hotunan zai yi zaton ɗaruruwa ne. Dalili kuwa, ma'aikatan hasashen yanayi na Dodge City sun ga abin a na'urarsu, aka busa jiniya wajen minti 20 kafin isowarta, rediyo da talabijin na ta sanarwa. Gidaje da yawa a can suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, mutane suka kwashi iyali suka shige. Minti ashirin ɗin nan su suka tsirar da jama'a.

Bayan kwana biyar shugaba George Bush ya kai ziyarar jaje. Mutanen garin suka yanke shawarar sake gini ta hanyar tsimin wuta da ruwa, aka kafa injina 10 masu samar da lantarki daga iska. Ita dai iskar da ta rushe su, ita ke ba su wuta yanzu.

Sai dai gini ya dawo, mutane ba duka suka dawo ba. Da yawa sun sami aiki da matsuguni a wasu garuruwa tun ana kwashe ɓaraguzai, suka yi zamansu. Ƙidayar 2010 ta samu mutum 777 kawai a Greensburg, ta 2020 kuma 740.