Beyar da Baƙi a Gandun Dajin Yeloston: Tarihin Wani Mugun Sabo

Ƙasar Hausa ba ta san beyar ba. Babu ita a tatsuniyoyinmu, babu ita a kirarin maharba, kuma da yawa daga cikinmu a littafin karatun faransanci muka fara gamuwa da ita, inda ake ce mata «ours», an zana ta da tattausan gashi da fara'a kamar abokiyar wasan yara. Alhali kuwa namijin irin da ake kira girizli a Arewacin Amurka yakan haura kilo 250, yana da faratai masu tsawon yatsan mutum, kuma babu ɗan Adam ɗin da zai tsere masa da gudu. Duk shekara labari yakan zo daga gandun dajin Yeloston cewa wani baƙo ya matsa kusa da dabbar dawa ya sha da ƙyar, sai a yi ta zagin wautarsa. Wautar tana nan, ba a musu. Sai dai wanda ya bi tarihin wurin zai tarar hukumar gandun ce da kanta ta yi shekaru da dama tana koya wa mutane da dabbobi wannan sabo, kuma da aka zo warware shi, dabbobin ne suka biya mafi tsada.

A ranar 1 ga watan Maris 1872 shugaban Amurka Ulysses Grant ya sa hannu a kan dokar da ta keɓe Yeloston, yanki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 9000, mafi yawansa cikin jihar Wayomin, gefensa ya leƙa Montana da Aidaho. Shi ake lissafawa gandun daji na ƙasa na farko a duniya. Dokar ta ɗora wa masu kula da shi nauyi biyu waɗanda ba su cika shan inuwa ɗaya ba: a kiyaye dajin yadda aka same shi, a kuma buɗe shi domin jama'a su sha kallo. Da masu farautar sata suka gagari ma'aikatan farko, aka miƙa wa soja tsaron wurin a 1886.

Baƙi suka fara zuwa, aka gina masu otel-otel, kowane otel kuwa da jujinsa a baya, inda ake zubar da ragowar abinci. Beyar dabba ce mai ƙarfin hanci da ba ta da zaɓen abinci, kuma dole ta tara kitse lokacin zafi domin dogon barcin da takan yi a rami idan sanyi ya shigo. Tun cikin shekarun 1890, da zarar rana ta yi sanyi sai su fito daga kurmi su nufi juji, baƙi kuma su bar teburinsu su biyo su kallo. A 1902 aka kafa dokar hana ba su abinci da hannu. Dokar ta zauna a takarda. A 1915 aka yarda motoci su shiga gandun, nan da nan baƙar beyar, wadda ta fi girizli ƙanƙanta da sakin jiki, ta gane cewa duk motar da ta tsaya da guzuri a cikinta. Suka koyi tsayawa a gefen hanya, su miƙe a kan ƙafa biyu, su dafa tagar mota, har aka laƙaba masu sunan ƴan fashi, ana faɗa ana dariya.

A 1916 aka kafa hukumar kula da gandayen daji ta ƙasa, kuma daga 1919 zuwa 1929 Horace Albright ne ya shugabanci Yeloston. Mutum ne mai hazaƙa, ya kuma san cewa majalisar dokoki ba za ta saki kuɗi ga dajin da ba kowa ke zuwa ba. Don haka ya mai da juji dandali. A kusa da maɓuɓɓugar ruwan zafin nan ta Old Faithful aka gina dakalin zuba abinci, aka kafa allo mai cewa wurin cin abinci ne na beyar kaɗai, aka jera kujerun katako. Da maraice a zubo ragowar abincin otel, ɗaruruwan mutane su zauna, wani ma'aikaci ya hau doki yana bayani a kan halayen dabbar, wani kuma yana tsaye da bindiga saboda tsaro. Daga baya aka yi wani dandalin a Otter Creek, inda girizli suka fi taruwa. Akwai ma hoton Albright kansa zaune a teburi yana cin abinci tare da beyar. To, idan shugaban gandu ya yi haka a gaban mai ɗaukar hoto, da wane baki ma'aikacinsa zai hana baƙo miƙa wa beyar guntun burodi?

A nan Bahaushe zai tuna da gardi da kurarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma a yi wa gardi adalci: ba ya shiga kasuwa sai ya sa wa kura takunkumi, ya riƙe sarƙa a hannu ɗaya da sanda a ɗaya, domin bai taɓa mantawa da abin da yake riƙe da shi ba, masu kallo ma sun san inda za su tsaya. A Yeloston an yi wasan ba takunkumi, aka kuma bar mai kallo ya koma gida da tunanin cewa dabbar ta zama ta gida.

Alƙaluman hukumar da kanta sun nuna sakamakon. Daga 1931 zuwa 1969, a kowace shekara, idan aka daidaita, beyar kan raunata mutum 48, ta kuma yi ɓarnar dukiya sau 138. Mafi yawan raunukan a bakin hanya suka faru, kuma baƙar beyar ce ta yi su: mutum ya miƙa abinci ya janye hannu don tsokana, ko guzuri ya ƙare alhali dabbar ba ta ƙoshi ba, ko ya shiga tsakanin uwa da ƴaƴanta yana neman hoto. Wadda ta yi cizo kuwa, sau da yawa harsashi ne ƙarshenta. An daina wasan dandali a farkon shekarun 1940, lokacin da Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu, kuma a 1942 beyar ta kashe wata mata a zangon kwana na Old Faithful. Duk da haka juji bai rufe ba, an dai kawar da shi daga idon baƙi, bara a bakin hanya kuma ta ci gaba. Baƙi suka haura miliyan 1 a 1948, suka haura miliyan 2 a 1965. A 1958 kuma aka fito da Yogi a talabijin, beyar ta zane mai hula da laktaye wadda sana'arta satar kwandon guzurin baƙi, yara suka taso da ita a matsayin abokiya.

Waɗanda suka fara nazarin girizli da idon ilimi tagwaye ne, John da Frank Craighead, daga 1959. Sukan sa wa dabbar maganin barci, su auna ta, su yi mata alama, kuma a 1961 suka fara ɗaura wa wasu abin wuya mai rediyo don bin sawunsu, abin da ya zama sabuwar hanya a nazarin namun daji. Suka gano cewa kaso mai yawa na girizlin yankin sun dogara da juji lokacin zafi, uwa ta koya wa ɗa, ɗa ya koya wa jika. Ana cikin haka, a 1963, kwamitin masana ƙarƙashin Starker Leopold ya ba gwamnati shawarar a mai da gandayen kusa da yadda suke kafin zuwan Turawa. Juji ba ya cikin wannan hoto.

Abin da ya girgiza kowa ya faru ne a wani gandun, Glacier, a jihar Montana. A daren 13 ga watan Agusta 1967, girizli biyu dabam-dabam, a wurare biyu masu tazara, suka kashe ƴan mata biyu masu shekara 19 da ke kwana a waje. Tun da aka buɗe gandun a 1910 ba a taɓa ganin girizli ta kashe mutum a cikinsa ba, sai ga biyu a dare ɗaya. A ɗaya daga wuraren, masu masaukin sun saba zuba ragowar abinci da daddare domin baƙi su kalli beyar. A ɗayan, dabbar ta daɗe tana bin shara da guzurin masu zango.

Daga nan aka yanke shawarar rufe juji a Yeloston, gardama kuwa ta tashi a kan yadda za a yi. Tagwayen Craighead suka ce a bi a hankali, a yaye dabbobin kamar yadda ake yaye yaro, in ba haka ba yunwa za ta kora su cikin zangon mutane. Hukuma ta ce kowace shekarar jinkiri wani sabon zubin ƴaƴa ne da za su koyi cin shara. A 1970 ta ƙaddamar da sabon tsari: rufe juji, kafa kwandunan shara da beyar ba ta iya buɗewa, da hukunta mai ba dabba abinci. Abin da tagwayen suka hango ya auku. Girizli suka bazu cikin zango da garuruwan kewaye, aka kashe fiye da ɗari cikin ƴan shekaru, aikin tagwayen a gandun ya tsaya a 1971 cikin ɓacin rai, kuma a 1972 girizli ta kashe wani saurayi da ya kafa zango ba bisa ƙa'ida ba kusa da Old Faithful, ya bar abinci a fili. A 1975 gwamnati ta sa girizlin cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, lokacin da aka ƙiyasta saura 136 a yankin. A ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, domin waɗanda aka haifa bayan wannan annoba sun taso ba su san ɗanɗanon burodi ba, suka koma ga saiwoyi da ƙwari da mushe da naman dawa. Yawansu ya kai kusan 1000 a farkon shekarun 2020, raunata mutane kuma ya sauko zuwa kusan ɗaya a shekara.

An raba dabba da hannun mutum, amma ba a raba mutum da sha'awar matsawa ba. Na'urar hoto ce ta gaji burodi. A watan Oktoba 1986 girizli ta kashe wani mai ɗaukar hoto da ya bi ta shi kaɗai, kuma a kusa da Otter Creek ne, tsohon dandalin nan. Ƙa'idar gandun ita ce a bar tazarar mita 91 tsakanin mutum da beyar ko kyarkeci, mita 23 ga mafi yawan sauran dabbobi. A 2021 kotu ta ɗaure wata mata kwana 4 saboda ta tsaya ɗaukar hoton girizli mai ƴaƴa har uwar ta yi kanta.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tun daga 1980 dabbar da ta fi raunata baƙi masu tafiya a ƙasa a Yeloston ita ce ɓaunar Amurka, wadda ake kira bizon. Ga ta dai kamar saniyar da ke kiwo a bakin hanya, ba ta ko ɗaga kai, amma namijinta yakan kai kilo 900, ya kuma yi gudun kilomita 55 a awa. Rashin gudunta daga mutane sabo ne da ganinsu, baƙo kuwa sai ya fassara shi da ladabi. Tana da iyakarta, kuma takan yi gargaɗi, ta ɗaga wutsiya, ta tona ƙasa da kofato, sai dai mai kallon fuskarsa a wayar salula ba ya ganin wannan. Daga 1983 zuwa 1985 ta raunata mutum 33, aka shiga rarraba takardun faɗakarwa a ƙofar gandu har adadin ya faɗi ƙasa da ɗaya a shekara. A 2015, tsakanin Mayu da Yuli, ya koma 5. Uku daga cikinsu hoto suke ɗauka a tazarar mita ɗaya zuwa biyu, biyu ma sun juya wa dabbar baya. Tsohuwar na'ura mai dogon gilashi takan jawo na nesa kusa, waya kuwa sai mai ita ya taka da ƙafarsa.

Wani lokaci ma tausayi ne ke jawo ɓarnar. A watan Mayu 2016 wani mutum da ɗansa suka ga jaririn ɗan ɓauna shi kaɗai a bakin hanya, suka ɗauka sanyi zai kashe shi, suka ɗora shi a bayan motarsu suka kai wa ma'aikatan gandu. Ma'aikatan suka mai da shi inda aka ɗauko shi, suka yi ta ƙoƙarin haɗa shi da garke, garken ya ƙi karɓarsa. Ɗan maraƙin ya koma bin mutane da motoci a kan titi, har hukuma ta ga zai jawo hatsari, ta sa aka kashe shi. A watan Mayu 2023 wani baƙon ya turo wani ɗan maraƙin daga bakin kogin Lamar don ya cece shi, shi ma garkensa ya guje shi, shi ma aka kashe shi.