Daga Kuzar Riruwai Zuwa Tukunyar Dalma

Duk wanda ya ratsa kasuwannin kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, zai ga fararen tukwane jere bisa juna, waɗanda ake kira tukwanen dalma. Amma fa ƙarfen da ke jikinsu ba dalma ba ne, alminiyam ne, watau abin da waɗansu ke kira goran ruwa ko sanholo. Yadda sunan wani ƙarfe ya koma kan wani, shi ne tarihin da ya kamata a bi sawunsa, asalinsa kuwa yana Riruwai, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai sun san kuza. Sukan wanke ta daga yashin rafuka, su narka ta da gawayi da zugazugi, sa'an nan su zuba ta cikin siraran ramuka da aka fitar da tsinken ciyawa, ta daskare ta fito kamar tsinkaye. Da haka fatake ke ɗaukar ta zuwa Kano da ƙasar Nufe, inda maƙeran fari ke shafe kayan tagulla da ita. A ƙarni na 19 waɗansu masu wannan sana'a suka ƙaura ƙasar Bauci, suka zauna a Riruwan Dalma. A bakin Bahaushen wancan zamani dalma sunan farin ƙarfe ne mai laushi, mai saurin narkewa, ko na kuza ko na harsashi.

Waɗannan tsinkaye su suka ja hankalin Kamfanin Neja, har ya aiko masu bincike a 1902 su nemo mafarinsu. Da kamfanoni suka sami lasisin haƙa, sai dokar ma'adinai ta raba masu narka da kuzarsu, cikin 'yan shekaru murahunsu suka mutu. Kuza ta riƙa fita ɗanya zuwa Ingila, 'ya'yan masu narka suka zama leburori. Faɗuwar farashinta a kasuwar duniya a 1985 ita ta ƙarasa durƙusar da manyan kamfanonin.

Shi kuwa alminiyam baƙo ne. Sai a 1886 Hall a Amurka da Héroult a Faransa suka gano hanyar fitar da shi da wutar lantarki da araha. Nauyinsa wajen sulusin na baƙin ƙarfe ne, ba ya tsatsa irin tasa, yana kuma narkewa a zafin digiri 660, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura 1,500. Saboda haka masana'antu suka kama zuba shi suna yin fistan da gangar injin mota da na babur da kayan jirgin sama. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tarkacen irin waɗannan kaya ya yawaita a Afirka ta Yamma. Sana'ar narka shi a yi tukunya ta yi ƙarfi a Senegal, daga can masu yawon neman abinci suka bazu da ita, har ta kafu a garuruwa irin su Maraɗi da Kano.

Aikin ba ya bukatar masana'anta. Maƙeri yakan ɗauki tukunya lafiyayya, ya danna ta cikin jiƙaƙƙen yashi a akwati mai ɓari biyu, ya zare ta, ya mai da akwatin ya rufe, sa'an nan ya tsiyaya narkakken ƙarfe cikin gurbin da ta bari. In ya huce sai a fasa yashin, a goge. Haka ake yin ludayi da tandar waina da manyan tukwanen biki. Tukunyar ba ta fashewa kamar ta ƙasa, in ta huje kuwa a sake narka ta. Da Bahaushe ya ga ƙarfe fari, mai narkewa a wutar gawayi, ana zuba shi kamar yadda kakanni suka zuba kuza, bai nemi sabon suna ba, ya ce dalma.

To, sai dai sunan ya zo da wata gaskiya mai ɗaci. Tarkacen da ake narkawa yakan haɗu da dalmar ainihi, irin ta batirin mota, wadda guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwar yara. Binciken da aka buga a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna tana tsattsafowa cikin abin da aka dafa. Masu narka na Riruwai sun san ƙarfensu tun daga bakin rafi. Maƙerin yau kuwa abin da ɗan gwangwan ya auna masa shi yake zubawa. Maganin abin shi ne tantance tarkace kafin ya shiga wuta, wannan ilmi kuwa shi ya fi cancanta a koya wa masu gadon sana'ar.